Shafukan da Mai Reza Ya Riƙe

Mahaifina shekara talatin da ɗaya ya yi yana ba da hayar littattafai, kuma a tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa fita daga shagonsa da cikakken littafi. In ya sayo sabo, sai ya zauna ya karance shi tas, ya nemo daidai wurin da zuciyar mai karatu za ta fara harbawa, inda ake shirin buɗe wata ƙofa ko faɗin wanda ya yi aika-aikar, ya sa reza a nan. Shafi takwas, goma, wani lokaci sha biyu. Ya zuba su a ambulan mai ruwan ƙasa, ya rubuta lamba a bayan ambulan ɗin, ya rubuta irinta a ƙeyar littafin, ya jefa a durowa. Kai kuma ka tafi gida da sauran. Ranar da ka dawo da littafin lafiya, ba maiƙo ba yaga, sai ya miƙo maka ambulan ɗinka ka zauna a bencin ƙofar shago ka ƙarasa. Shi ya sa duk unguwa ba wanda ya san shi da wani suna sai Mai Reza.

Zagi kam ya sha shi. Akwai matar da ta taɓa aiko mijinta da sassafe ya tsaya a ƙofar gidanmu, wai ba ta runtsa ba, a taimaka a faɗa mata ko yarinyar cikin labarin ta rayu. Baba ya ce a gaishe ta, ta kawo littafin. Amma fa dabarar ta yi masa rana. A shekara talatin littafi goma sha ɗaya kacal ya rasa, kuma ya san mutum goma sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya, har yau gaisuwarsa da su ba ta wuce ɗaga hannu.

Shagon ɗan tsukukun wuri ne, tsakanin mai gyaran agogo da mai wanki da guga. Kantoci na katako har rufi, fanka mai fiffike ɗaya a lanƙwashe da take ƙara kamar za ta tsinko, kujerarsa, sai wata tsohuwar durowar ƙarfe mai hawa huɗu da ya saya ranar da wani ofis ya yi gwanjon kayansa. A cikinta ambulan ɗin suke. Ta bangon hagu kana jin agogunan maƙwabcinmu suna tafiya, kowanne da nasa lokacin. A nan na tashi, ni ce autarsa, kuma tun da mahaifiyarmu ta rasu 'yan uwana suka watse garuruwan aurensu da aikinsu, ya zama daga ni sai shi. Ina aiki a wani ɗakin gwajin jini, ni ke zama a teburin gaba ina rubuta sunayen masu zuwa. Wannan ɗan zaman gaban kwamfuta shi ya sa nake ganin na fi kowa a gidanmu wayewa. Ku riƙe wannan, don shi ya kai mu inda muke.

Tsadar littafi ba rana ɗaya ta zo ba. A da Baba kan sayo sababbi shida duk wata. Suka koma huɗu, suka koma biyu. Ya je wurin dillalin da yake saya, aka ce takarda ta hau, tawada ta hau, kuɗin mota ya hau. Ya dawo da guda ɗaya a leda yana riƙe da shi kamar ƙwai. Daga baya littafi ɗaya ya kai albashina na kwana huɗu, kuma sai an yi hayarsa sau arba'in kafin ya mayar da kuɗinsa. Masu karatu kuwa sun karance tsofaffin, wasu har sau uku. Su leƙo su ce, Mai Reza ba sabo? Ya ce ana hanya. Su wuce.

Ana cikin haka ya yanke jiki ya faɗi a shagon wata ranar Talata da hantsi. Mai gyaran agogo ne ya ji ƙarar ta bango. Kwana tara muka yi a asibiti. Ya tashi, amma hannun hagu bai dawo daidai ba, kuma likita ya ja ni gefe ya ce hawan jinin nan ba na wasa ba ne, in ya sake faɗuwa ba lallai ya tashi ba, a kiyaye masa tashin hankali da labari na ba-zata. Tun daga ranar nake kwana nake tashi da maganar nan. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai na duba fuskarsa.

Mai ginin kuma ya zaɓi wannan lokacin ya ce zai raba shagon biyu, ko a biya ninki ko a koma rabi. Rabi ba zai ɗauki kantocin ba. Sai na zo da shawarata, ina ji da kaina.

Akwai kantunan littattafai na intanet guda biyu da nake leƙawa a wayata. Ɗaya babba ne, kowa ya san shi. Ɗayan ƙarami, sabon shiga, kuma ya ɗaura ɗamarar sai ya ƙwace wa babban kasuwa. In babban ya sa littafi a wani farashi da safe, kafin azahar ƙaramin ya sauko ƙasa da shi. Babban ya rage, ƙaramin ya ƙara ragewa. Ƙarshen mako kuma ya yi ta rabon banza, sayi ɗaya a ba ka biyu. Kuɗin littafin takarda guda ɗaya sai ya saya maka goma sha biyar a can. Na zaunar da Baba na nuna masa. Na ce mu sayi kwamfutocin hannu 'yan gwanjo guda shida, asusu ɗaya yana buɗewa a duka shidan, mu cika su da sababbin littattafai, ya riƙa ba da hayarsu ga waɗanda ya yarda da su, sauran su karanta a benci. Ba kanta, ba ƙura, ba gara.

Ya juya wayar a hannunsa, ya duba bayanta. Ya ce, "To Auta, a ina zan sa reza?"

Na yi dariya har da hawaye. Shi bai yi ba. Ya kuma tambaye ni, wanda yake sayar da kaya ƙasa da yadda ya samo su, da me yake cin abinci? Na ce Baba kasuwancin zamani ke nan, ba za ka gane ba. Wallahi da bakin nan nawa na faɗa masa haka, mutumin da ya yi shekara talatin yana ciniki.

Wata biyu na yi ina masa naci kafin ya sakko. Masu sayen tsofaffin littattafai suka zo suka duba, suka ga kowanne ba ƙarshe, suka ce ko an haɗa da ambulan ɗin yankakke yankakke ne, ba mai saya. Ƙarshenta mai sayen takarda a kilo muka kira. Ya zo da sikelinsa da buhuna. Littafi dubu biyu da ɗari uku, aka yi ta ɗurawa ana ratayawa ana saukewa. Baba yana zaune a benci ya juya baya, wai yana kallon titi. Da aka gama na dubi durowar ƙarfen na ce a haɗa da ambulan ɗin mana, ai za su yi kilo talatin, kuma me za a yi da ƙarshen littafin da babu shi? Ko juyowa bai yi ba ya ce a bar su. Na yi tsaki a raina na ce rigimar tsufa.

Kuɗin takardar bai kai ko'ina ba, sai da ya fasa ɗan abin da ya tara na gyaran rufin gida. Muka sayi kwamfutocin, shi ya sa musu suna faranti, kuma sunan ya bi su. Na buɗe asusu da sunana a ƙaramin kantin nan mai araha, don Baba ba shi da imel.

Gaskiya shekarar farko ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Mutane suka dawo. Duk Asabar Baba ya ba ni kuɗi, in zauna in yi ta farautar ragi, in dawo masa da sababbi ashirin baki har kunne. Muka tara ɗari tara da 'yan kai. Har rezarsa ya samo ta wata hanyar: farantan tsofaffin yayi ne, bakin cajarsu mai faɗi ne wanda ba kowa ke da shi ba, sai ya riƙe caja a shago. Ka tafi da faranti, kwana biyu ya mutu a hannunka ana tsakiyar labari, dole ka dawo. Abu ɗaya ne yake masa ciwo, manhajar kantin ba ta buɗe littafi sai da data. Yakan ce wane irin kaya ne naka amma sai ka yi sallama da wani kafin ka taɓa.

Wata ranar Litinin ina teburina, wani mutum na tsaye yana faɗa mini sunansa harafi-harafi, saƙo ya shigo wayata. Daga kantin ne. Sun ce suna godiya da kasancewa tare da su, amma yanayin kasuwa ya sa za su rufe ranar talatin ga wata da ƙarfe goma sha biyu na rana, kuma daga lokacin littattafan da aka saya ba za su ƙara buɗuwa ba. Can ƙasa da ƙananan haruffa suka tuna mana cewa abin da muka biya izinin karantawa ne, kamar yadda muka amince ranar da muka buɗe asusu. Ni na danna na amince ɗin nan. Ban karanta ko layi ɗaya ba.

Mutumin nan ya maimaita sunansa sau uku ban rubuta ba. Na shiga banɗaki na jingina da ƙofa na sake karantawa, ko zan ga inda aka ce wasa ne. Sha takwas ga wata muke. Saura kwana goma sha biyu.

Ba asarar ce ta fara zuwa mini ba, fuskar likitan nan ce. Na ga Baba a ƙasa tsakanin kujera da durowa, kamar wancan karon. Kuma wannan karon ni ce zan kai masa labarin, ni ce kuma na jawo shi.

Na yi duk abin da mai tsoro yake yi. Na rubuta musu wasiƙa bakwai, amsa ɗaya ke dawowa, irin wadda na'ura ke turowa. Lambar wayarsu tana ta kiɗa ba mai ɗauka. Na leƙa babban kantin ko zan sake sayen ko rabi a ɓoye, sai na tarar tun da abokin gasarsa ya durƙushe farashi ya ninka huɗu, wasu ma sun kusa kamo na takarda. Ragin nan duk ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba. Na ɗauko faranti ɗaya na ce zan ɗauki hoton shafuka da wayata, na yi awa biyu ban gama littafi guda ba, hotunan kuma duk ƙyalli. Ɗari tara. Na ajiye na yi kuka.

A gida kuwa na zama makaryaciya. Ranar Asabar ya miƙo mini kuɗin sababbi kamar kullum, na karɓa, na ce intanet ɗin na ba da matsala. Ya ce na rame, na ce aiki ne. Ina zuba masa abinci ina kauce wa idonsa. Yana ba ni labarin shago, wai direban motar asibiti, wani dogon mutum da ya fi shekara ashirin yana haya a wurinsa don yana karatu in yana jiran kira, ya samu a faranti wani tsohon labari da ya taɓa hayar littafinsa na takarda a shagon yana saurayi, ya manta yadda ya ƙare. Yana faɗa yana dariya. Ni kuwa ina ƙirga kwanaki a yatsun ƙafata.

Saura kwana biyu na ga ba makawa. Na aro na'urar awon jini daga wurin aiki, na sa maganinsa a jaka, na roƙi mai gyaran agogo kada ya yi nisa. Na shiga shago da la'asar na ce Baba kawo hannunka in gwada. Ya miƙo. Yana kallona ina ɗaura masa abin, ina matsawa, ina duba lamba. Da na gama ya ce, "Wa ya rasu?"

Na durƙusa a gabansa na faɗa masa duka, idona a kan hannunsa na hagu. Bai katse ni ba. Fankar nan tana ta ƙararta.

Ya ce, "Waɗanda muka biya kuɗinsu?"

Na ce su.

"Za su aiko mutum ne ya karɓa?"

Na ce a'a Baba, daga can za su rufe.

Na fara miƙa hannu wajen jakar magani. Sai ya ce in kira duk wanda faranti ke hannunsa, gobe kafin magariba yana son ganin shidan a shago. Na fara masa bayani cewa ba haka abin yake ba, ya ɗaga mini hannu. A rayuwata bai taɓa ɗaga mini hannu haka ba. Ya ce ya ji bayanina sau ɗaya, ya isa.

Washegari aka dawo da su. Ya goge kowanne da gefen rigarsa, ya kashe, ya jera su a hawan ƙasa na durowar ƙarfen, ya zura sarƙa ta hannayen durowar ya datse da kwado, ya sa makullin a aljihun ƙirji. Shi a saninsa abin da ke cikin durowar nan ba ya ɓata, shekara talatin bai taɓa ɓata ba.

Ranar talatin ban je aiki ba. Tun takwas ya jawo kujerarsa ya jingina bayanta da durowar ya zauna. Ni ina benci, na'urar awo a cinyata, lambar asibiti a buɗe a wayata. Wajen sha ɗaya direban nan ya zo a gurguje, ya ji labari. Ya ce Mai Reza don Allah, saura masa 'yan shafuka, a ba shi rabin awa kawai a nan kan benci. Baba ya ce ba za a buɗe durowa ba sai sha biyu ta wuce. Direban ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya zauna kusa da ni.

Ban taɓa sanin awa ɗaya tana da tsawo haka ba. Ta bango agogunan maƙwabci suna ta tafiya, ni kuma ina kallon jijiyar wuyan Baba tana harbawa, ina kallon gefen bakinsa ko zai karkace. Ina ta addu'a a raina, ba don littattafan ba, na riga na sallama su. Sai agogo ɗaya ya fara buga sha biyu, wani ya biyo, wani ya makara ya buga nasa shi kaɗai. Baba ya jira har na ƙarshen ya yi shiru, ya ƙara minti biyar a kai. Sannan ya ciro makulli.

Ya kunna na farko ya miƙo mini in buɗe. Kantar littattafan tana nan a fuskar farantin, amma wayam, sai wani ɗan rubutu na godiya a tsakiya. Ya ce in duba na biyu. Na duba. Sai da ya sa na buɗe shidan duka, ɗaya bayan ɗaya, yana leƙa kowanne. Ya mayar da su ya jera yadda suke.

Na miƙe da na'urar awo, ya girgiza kai. Bai faɗi ba. Ya juya ga direban ya tambaye shi a ina ya tsaya. Direban ya ce daidai inda matar ta tarar da takalmin ƙaninta a bakin rijiya. Baba ya ja hawa na biyu da hannunsa mai lafiya, yatsunsa suka bi bayan ambulan ɗin, ko lambobin bai tsaya karantawa ba, ya zaro ɗaya da gefensa ya yi laushi don tsufa. Lamba ɗari uku da sha takwas. Direban ya karɓa da hannu biyu, ya koma ƙarshen benci, ya zaro shafukan da suka yi ja ya fara karantawa.

Baba ya tura durowar ta rufe. Ya dube ni, ba faɗa, ba ɗaga murya.

"Kin ga wannan durowar, Auta? Ita kaɗai ce ban ji shawararki a kanta ba."

Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Wata bakwai ke nan. Har yanzu takwas na safe yana buɗe shago, ya share, ya fito da benci. Farantan mun sayar da biyar, ɗaya ya zama abin danne takarda. Wani lokaci tsofaffin masu haya sukan zo su ba shi labarin wani littafi da suka taɓa karantawa, ya zaro musu ƙarshensa su zauna su karanta, ba ya karɓar ko kwabo. Ni kuma duk ƙarshen wata nakan cire albashin kwana huɗu, yanzu ma ya kusa biyar, in sayo masa littafin takarda guda ɗaya. Bakwai ke nan a kan 'yar kantar da ta rage.

Na farkon da na kawo, ya karance shi a kwana biyu. Ina zaune ya buɗe wajen ƙarshe, ya nemo wurin, ya ɗauko reza ya ɗora a gindin shafin. Ya daɗe a haka. Sai ya ajiye rezar, ya rufe littafin, ya sa a durowar ƙarfe ya datse kwado. Da rana yakan fito da su ya jera a kanta, da yamma ya mayar ya kulle. Jiya wata malamar makaranta ta tsaya ta ga sabo, ta ce Mai Reza nawa ne hayar wannan? Ya ɗora tafin hannunsa a kan littafin, ya ce mata wannan ba na fita ba ne.